BABI NA UKU: ISAR DA SAƘO ƊAYA GA JAMA'A DA YAWA A HANYAR SADARWAR KWAMFUTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan hanyoyin sadarwa na gargajiya a birnin Zariya, inda aka kawo ɗan aike da mai shela da rabon goron gayyata, aka kuma nuna yadda saƙon fada yake sauka daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya iso ga mai unguwa. A wannan babi kuwa za a duba yadda kwamfutoci suke isar da saƙo guda ga jama'a da yawa a lokaci ɗaya. Za a fi mayar da hankali ga wata dabara da ake kira RPF a taƙaice, wadda wannan nazari ya kira "duba hanyar komawa". An zaɓi kawo misalai daga unguwar Ƙofar Galadima da kewayenta, domin nan ne mai bincike ya fi sani, kuma matsalar da masana kwamfuta suka yi fama da ita tsohuwar matsala ce a wurin Bahaushe: idan labari ɗaya ya iso maka ta baki biyu ko uku, wanne za ka ɗauka ka isar wa na ƙasa da kai?

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace kalmomi huɗu da za su riƙa maimaituwa.

Ƙunshi: Kwamfuta ba ta aika saƙo dunƙule. Takan yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta rubuta wa kowane yanki adireshin wanda ya aiko da na wanda za a kai wa. Kowane yanki shi ne ƙunshi.

Rauta: Na'ura ce da take zaune a mararrabar hanyoyi. Aikinta shi ne ta karɓi ƙunshi daga wannan waya ta miƙa shi ga waccan.

Ƙofa: Duk wayar da ta shiga cikin rauta tana da mashigarta. Wannan mashiga ita aka kira ƙofa, kamar yadda ganuwar Zariya take da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Galadima da sauransu, kowace da nahiyar da take fuskanta.

Jadawalin hanyoyi: Jeri ne da kowace rauta take riƙe da shi, wanda yake nuna mata ƙofar da ta fi dacewa ta bi idan za ta aika ƙunshi zuwa wani wuri.

3.2 Ire-iren Aike

Masana sun kasa isar da saƙo gida uku.

Na farko shi ne aiken ɗaiɗai, wanda suke kira yunikas. Shi ne tamkar ɗan aike: mutum ɗaya ya aika wa mutum ɗaya. Idan mutane goma ake son saƙon ya je wa, sai an yi sawu goma. Mafi yawan abin da ake yi a intanet ta wannan hanya ake yin sa.

Na biyu shi ne shela. Mai shela ba ya tambayar wanda yake son ji, kowa ya ji ko da bai nema ba. Haka gidan rediyon Kaduna yake yi tun kafa shi a 1962, mai sauraro ɗaya da mai sauraro dubu duk ɗawainiya ɗaya ce. Sai dai a hanyar kwamfuta shela ba ta ƙetare ƙaramar mahaɗar da aka yi ta, domin da za a bar ta ta bazu, da kowace kwamfuta a duniya ta shagala da sauraron abin da bai shafe ta ba.

Na uku shi ne aiken rukuni, wanda suke kira maltikas. Ya yi kama da rabon goron ɗaurin aure. Uban yarinya ba ya bin gida-gida da kansa, kuma ba ya sa a yi wa gari duka shela. Yakan ba babban kowane dangi kasonsa, shi kuma ya rarraba wa nasa. Wato saƙon yana fita sau ɗaya ne daga tushe, ba ya rabuwa sai a inda hanya ta rabu, kuma ba ya zuwa sai inda ake bukatarsa.

Amfanin wannan zai fito fili idan aka yi ɗan lissafi. A ɗauka ana watsa lacca da hoto daga Samaru, kuma hoton yana cin megabit 2 a kowace daƙiƙa. Idan mutum 500 suna kallo ta aiken ɗaiɗai, wayar da ta fito daga Samaru za ta ɗauki megabit 1,000, domin kowa da nasa kwafi. Ta aiken rukuni kuwa megabit 2 kawai za ta ɗauka, ko masu kallon 500 ne ko 5,000.

3.3 Taƙaitaccen Tarihi

Dabarar duba hanyar komawa ta girmi aiken rukuni. Yogen Dalal da Robert Metcalfe ne suka bayyana ta a wata maƙala da suka buga a 1978, kuma a lokacin shela suke son gyarawa. Daga baya Stephen Deering, yana ɗalibi a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ɗauko dabarar ya ɗora aiken rukuni a kanta. Takardar ƙa'idar da ya rubuta a 1989, mai lamba RFC 1112, ita ce ta zama tushen wannan fanni. Shekara guda kafin nan, wato 1988, an fitar da tsarin farko na bi da irin wannan saƙo tsakanin na'urorin rauta, mai suna DVMRP.

A watan Maris na 1992 aka watsa muryoyin mahalarta taron ƙungiyar IETF daga birnin San Diyego zuwa wasu ƙasashe ta wata hanyar gwaji da aka sa wa suna MBone. A 1994 har wasan mawaƙan Rolling Stones aka watsa ta wannan hanya. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai tsarin PIM ya karɓi ragama, kuma shi aka fi amfani da shi har yanzu.

3.4 Adireshin Rukuni da Yadda Ake Shigarsa

Ƙunshin aiken rukuni ba ya ɗauke da adireshin mutum ɗaya a matsayin mai karɓa, adireshin rukuni yake ɗauke da shi. An ware lambobi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255 domin wannan aiki, wato adireshi sama da miliyan 268. Wasu daga ciki an riga an ba su aiki: 224.0.0.1 na duk kwamfutocin da ke ƙaramar mahaɗa ɗaya ne, 224.0.0.2 kuma na na'urorin rauta da ke wurin. Waɗanda suka fara da 239 an bar wa kowace ma'aikata ta yi amfani da su a cikin gida.

Abin lura a nan shi ne, mai aikawa bai san waɗanda ke cikin rukunin ba, bai ma san yawansu ba. Kwamfutar da take son saƙon ita za ta shaida wa rautar da ke kusa da ita, ta hanyar wata ƙa'ida mai suna IGMP. Ita kuma rautar takan yi cigiya lokaci-lokaci, galibi bayan kowace daƙiƙa 125, ko akwai sauran mai bukata. Idan ta ji shiru, sai ta daina sauke saƙon a wannan ƙofa.

3.5 Matsalar Kewayo

A aiken ɗaiɗai rauta ba ta da wata wahala. Za ta duba inda ƙunshi za shi, ta duba jadawalinta, ta fitar da shi ta ƙofa ɗaya. Ko da an yi kuskure ya shiga kewayo, ƙunshi ɗaya ne yake yawo, kuma akwai wata lamba a jikinsa da take raguwa da ɗaya a kowace rauta, wadda ba ta wuce 255. Da ta kai sifiri sai a jefar da shi.

A aiken rukuni lamarin ya sha bamban. Adireshin rukuni ba wuri ba ne, saboda haka jadawalin hanyoyi ba shi da abin cewa a kansa. Bugu da ƙari, rauta kan kwafi ƙunshi ɗaya ta fitar da shi ta ƙofofi da yawa. To, hanyoyin kwamfuta da gangan ake yin su da zagaye, domin idan waya ɗaya ta tsinke a bi ta wata. Idan ƙunshi ya shiga irin wannan zagaye, duk inda ya ratsa sai ya haihu: ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin lambar jikinsa ta ƙare wayoyi sun cika maƙil, sauran saƙonni sun rasa hanya. Wanda ya taɓa ganin yadda jita-jita take zagaya unguwa ta dawo wa wanda ya fara faɗinta, shi ma ya sake yaɗa ta a matsayin sabon labari, ya san irin wannan ɓarna.

3.6 Duba Hanyar Komawa

Maganin da aka samo shi ne a juya tambayar. Maimakon rauta ta ce "ina wannan ƙunshi za shi?", sai ta ce "daga ina ya fito, kuma ta wace ƙofa ya shigo mini?" Matakan su ne kamar haka:

(a) Rauta za ta karanta adireshin wanda ya aiko ƙunshin.

(b) Za ta duba jadawalin hanyoyinta ta ga ƙofar da ita kanta za ta bi da za ta aika wa wannan mai aikowa saƙo.

(c) Idan ƙunshin ta wannan ƙofar ya shigo, sai ta karɓa, ta kwafa, ta fitar da shi ta sauran ƙofofin da suka kamata. Ba ta taɓa mayar da shi ta ƙofar da ya shigo.

(d) Idan ta wata ƙofa dabam ya shigo, sai ta jefar da shi ba tare da ta sanar da kowa ba.

Hausawa na cewa ta inda aka hau ta nan ake sauka, kuma wannan ita ce ƙa'idar gaba ɗaya. Mai unguwar da ya san aikinsa, idan yana da rahoton da zai kai fada, ta hannun dagacinsa zai bi. Saboda haka idan aka ce ga umurni daga fada, wanda ya sauko ta hannun dagacin shi zai sa a yi wa shela. In wani ya zo masa da maganar daga kasuwa, ko da gaskiya ce, ba zai ɗora aiki a kanta ba, domin ya san sahihiyar tana tafe ta hanyarta, ko ma ta riga ta iso. Haka ake yi a sha'anin ganin wata: shaida takan hau ta hannun hakimai da sarakuna zuwa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato, sanarwa kuma ta sauko daga can.

3.6.1 Misali

Domin a ga yadda abin yake aiki, a ɗauka akwai na'urorin rauta huɗu: ɗaya a Samaru, ɗaya a Sabon Gari, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Ƙofar Galadima. Wannan tsari ƙaddarawa ce kawai domin bayani. A ɗauka Samaru tana haɗe da Sabon Gari da Tudun Wada, su biyun suna haɗe da juna, kuma kowace daga cikinsu tana da waya zuwa Ƙofar Galadima. Malami yana ba da lacca a Samaru, ɗalibai suna kallo a wani ɗaki a Ƙofar Galadima.

Rautar Samaru za ta fitar da kwafi biyu, ɗaya zuwa Sabon Gari, ɗaya zuwa Tudun Wada. Kowace ta duba jadawalinta ta ga lallai ta wannan ƙofa ake komawa Samaru, sai ta karɓa. Daga nan Sabon Gari za ta miƙa wa Tudun Wada da Ƙofar Galadima, ita ma Tudun Wada ta miƙa wa Sabon Gari da Ƙofar Galadima. Kwafin da ya je Tudun Wada daga Sabon Gari zai faɗi, domin Tudun Wada tana da hanyarta ta kai-tsaye zuwa Samaru. Haka wanda ya je Sabon Gari daga Tudun Wada.

Saura Ƙofar Galadima, wadda kwafi biyu suka iso mata. A ce jadawalinta ya nuna hanyar Tudun Wada ce ta fi sauƙi zuwa Samaru. Sai ta karɓi na Tudun Wada ta sauke wa ɗalibai, ta yar da na Sabon Gari. Ko da ta tura kwafi zuwa Sabon Gari, can ma jefar da shi za a yi. Ta haka kowace rauta ta karɓi saƙon sau ɗaya tak, kuma babu ƙunshin da ya yi kewayo.

Abin sha'awa shi ne babu wata na'ura da ta zauna ta tsara wannan. Kowace da abin da ke gabanta ta yi aiki, amma da aka haɗa sai ga siffar bishiya ta fito: saiwarta a Samaru, rassanta sun miƙa zuwa ga masu karɓa. Kuma ba a bukaci sabon jadawali ba, wanda ake aiken ɗaiɗai da shi ne aka karanta daga baya zuwa gaba.

3.7 Sassabe da Aure

Duba hanyar komawa ya hana kewayo, amma bai hana a aika saƙo inda ba a bukatarsa ba. A misalin da ya gabata, idan babu mai kallo a Sabon Gari, wayarta ta yi dakon banza. Hanyoyi biyu aka bi domin gyara wannan.

Hanya ta farko ita ce a malala saƙon ko'ina, sannan duk rautar da ba ta da mai bukata ta aika wa ta sama da ita cewa a datse reshenta. Wannan shi ne sassabe. Datsewar ba ta ɗorewa, a tsarin PIM bayan kimanin minti uku takan warware, a sake malalowa, a sake datsewa. Idan kuwa wani ya shiga rukunin kafin lokacin ya cika, rautarsa za ta nemi a mayar da reshen nan take, kamar yadda mai lambu yake yi wa mangwaro aure. Wannan tsari ya dace da wurin da masu karɓa suke cunkushe.

Hanya ta biyu ita ce kada a aika wa kowa sai wanda ya nema. A nan akan zaɓi rauta ɗaya ta zama dandali. Masu aikawa su kai saƙonsu can, masu bukata su aika takardar shiga can. Ita ma takardar shigar hanyar komawa take bi, rauta bayan rauta, kuma duk inda ta ratsa sai reshe ya tsiro. Bayan saƙo ya fara gudana, rautar ƙarshe ta san adireshin mai aikawa, don haka tana iya barin dandali ta nemi gajeriyar hanya kai-tsaye. Wannan tsari shi ya fi yaɗuwa a yau, domin ba ya damun wanda bai nema ba.

3.8 Inda Dabarar Take Gazawa

Dabarar ta ginu ne a kan zaton cewa hanyar zuwa ita ce hanyar komawa, alhali ba kullum haka take ba. Akwai tsarin da saƙo yake sauka ta tauraron ɗan'adam, amsa kuma ta koma ta waya. A irin wannan hali sahihin ƙunshi zai shigo ta ƙofar da jadawali bai sani ba, rauta ta jefar da shi. Wahalar ita ce ba ta kuka: intanet yana aiki, wasiƙu suna shiga, amma allon lacca baƙi ƙirin. Injiniyan da ya ƙware, da ya ji haka, abin da zai fara dubawa shi ne ƙofar da rauta take sa ran saƙon, ya kwatanta da wadda yake shigowa. Gyaran shi ne a rubuta wa rautar hanya ta musamman domin aiken rukuni.

Haka kuma, idan waya ta tsinke, akwai ɗan lokacin da jadawali yake ɗauka kafin ya gyaru, kuma a wannan tsakani ana asarar ƙunshi. Aiken rukuni ba shi da tsarin sake aiko abin da ya ɓace, domin da dubban masu karɓa za su riƙa amsa wa mai aikawa, da sun danne shi.

3.9 Matsayin Aiken Rukuni a Yau

Duk da alfanun da aka zayyana, aiken rukuni bai samu karɓuwa a faɗin intanet ba. Dalilai sun haɗa da nauyin da yake ɗora wa manyan na'urorin rauta, waɗanda sai sun riƙe bayanin kowane rukuni, da wahalar sanin wanda zai biya wa idan saƙo ɗaya ya ratsa kamfanoni da yawa yana haihuwa a hanya, da kuma tsoron masu ɓarna. Saboda haka idan mutum ɗari a Ƙofar Galadima suka buɗe Facebook ko YouTube suna kallon tafsiri ɗaya da azumi, kwafi ɗari ake sauke musu, kowa kuma da kuɗin datarsa. Abin da waɗannan kamfanoni suka yi shi ne ajiye kwafin a rumbunan da ke kusa da jama'a domin rage nisan tafiya.

Inda aiken rukuni ya zauna daram shi ne cikin gida ɗaya, wato inda hukuma ɗaya take iko da duk wayoyin: kamfanonin da ke raba tashoshin talabijin ta wayar intanet, da kasuwannin hannun jari masu watsa farashi ga dillalai a lokaci ɗaya, da na'urorin rauta kansu wajen gaisawa da juna. Jami'a mai harabobi da yawa, kamar Jami'ar Ahmadu Bello da take da Samaru da Kongo da Shika, irin wurin da wannan tsari ya dace da shi ne. Haka ma hanyar sadarwar jami'o'in Nijeriya ta NgREN, wadda aka ƙaddamar a 2014.

Ita kuwa dabarar duba hanyar komawa ta samu wani aiki na biyu. Ana amfani da ita a aiken ɗaiɗai domin kama ƙunshin da aka yi wa adireshin ƙarya: idan ƙunshi ya ce daga gabas yake amma ya shigo ta ƙofar yamma, sai a tare shi.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ire-iren aike guda uku, an kawo tarihin aiken rukuni da yadda ake shiga rukuni, sannan an nuna cewa rauta ba ta amincewa da irin wannan saƙo sai ya shigo ta ƙofar da ita za ta bi zuwa ga mai shi. An kuma nuna cewa ingancin wannan hukunci ya rataya ne a kan ingancin jadawalin hanyoyi, kamar yadda aikin mai unguwa yake rataye a kan sanin wanda yake sama da shi. An yi amfani da kalmomin ƙunshi da ƙofa da sassabe da aure da dandali a matsayin shawara. A babi na huɗu za a auna waɗannan kalmomi bisa ƙa'idojin ƙirƙirar sababbin kalmomi a Hausa, a ga waɗanda za su iya zama da waɗanda suke bukatar gyara.